Gwaji Kyauta, Magani Babu: Masu Hawan Jini da Ciwon Suga a Ƙananan Asibitocinmu

Duk shekara, idan 17 ga Mayu ta zo, ranar yaƙi da hawan jini, ko 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga, ko kuma zaɓe ya ƙarato, sai a kafa rumfa a ƙofar fada ko a filin makarantar firamare ana awo kyauta. Mutane su yi layi, a ɗaura musu na'ura a dantse, a huda yatsa, a rubuta lamba a guntuwar takarda. Wanda aka ga nasa ya hau a ƙulla masa ƙwayoyin sati biyu a leda, a ce ya je asibiti. Da yamma a ɗauki hoto a naɗe rumfa. Ra'ayina a kan wannan aiki ba zai yi wa masu shirya shi daɗi ba: muddin ba a tanadi inda mutumin zai koma ya sami magani a wata na biyu da na shida da na ashirin ba, fargaba kawai aka ƙara masa, kuma kuɗin rumfar da sun fi amfani a ɗakin ajiyar magani na asibitin unguwarsu.

Ga mafi yawan talakawa, wurin komawar shi ne ƙaramin asibitin mazaɓa, wanda gwamnati ke kira cibiyar lafiya matakin farko. Babban asibitin ƙaramar hukuma yana iya zama tafiyar awa guda a kan acaɓa, asibitin koyarwa kuwa sai ciwo ya ci jiki ake tunkararsa. Abin tambaya ke nan: wannan ɗan asibitin zai iya riƙe mutum ɗaya shekara goma yana ba shi magani ba yankewa? A yawancin wurare ba zai iya ba, kuma ba don rashin fenti ko katanga ba.

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ta ce mutum biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da za ta saukar da jinin yadda ya kamata. Fiye da uku cikin huɗu na masu cutar suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A Najeriya kusan ɗaya cikin manya uku ne. Har yanzu akwai masu cewa ciwon masu kuɗi ne, amma duk wanda ya leƙa ɗakin kwanciya na maza a kowane babban asibiti a Arewa zai tarar da manoma sirara, waɗanda ba su san ƙiba ba, kwance da shanyewar ɓarin jiki.

Don a gane inda gizo ke saƙa, sai a duba abin da aka gina waɗannan asibitoci domin shi. Tun daga taron Alma-Ata na 1978, zuwa zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti a ma'aikatar lafiya, zuwa kafa hukumar kula da lafiya matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, a 1992, abin da aka sa a gaba shi ne rigakafin yara, awon ciki, haihuwa, zazzaɓin cizon sauro, gudawa, tamowa. Kuma daidai ne, su ne ke kashe mutane a lokacin, har yanzu ma suna kashewa. Amma dukkansu suna da ranar ƙarewa. Maganin zazzaɓi kwana uku ne, rigakafin yaro yana da jadawalin da ke ƙarewa, ciki wata tara ne. Komai na asibitin an tsara shi a kan haka. Babban rajistar da ke kan tebur zuwa take ƙirgawa, ba mutum ba: idan Malam wane ya zo sau biyar, layi biyar ne a shafi biyar, babu abin da ya haɗa su. Sayen magani ma a kan yanayi ake yi, damina a cika shago da maganin zazzaɓi. Hawan jini da suga ba su da damina, kuma ba a sallamar mai su.

Masu binciken shirin asibitoci sukan zo da takardar tambayoyi irin wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara: akwai na'urar awon jini? Akwai ma'auni? Akwai littafin ƙa'ida? An horar da wani cikin shekara biyu? Akwai magani a yau? Binciken yana da amfani, kuma kusan ko'ina aka yi shi a Afirka sakamakon iri ɗaya ne: na'urar awon jini ana samu, littafin ƙa'ida da horo da magani su ne suka yi ƙaranci. Sai dai takardar ba ta iya ganin yadda ake amfani da na'urar, kuma a nan ne ɓarnar farko take.

A ɗauki ranar kasuwa. Dattijo ya sauko daga mashin cikin rana, da goro a bakinsa, fitsari na matsarsa. An zaunar da shi a benci marar majingina, ƙafafu na reto, an naɗa ƙyallen awo a kan hannun babbar riga, hannun yana rataye, ma'aikacin yana tambayarsa ya iyali yana amsawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya ƙara lamba. Cikar mara kaɗai tana iya ƙara kusan 10 a lambar sama, magana ma haka, hannun da ba a ɗora a kan tebur ba ma haka. Awo na gaskiya yana buƙatar mutum ya zauna shiru minti biyar, ya jingina bayansa, tafin ƙafa a ƙasa, dantse tsirara a daidai saitin zuciya, rabin awa ba goro ba shayi ba taba, sannan a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu. Ba a cewa mutum yana da hawan jini sai an sami 140/90 ko sama a ranaku biyu daban. Ga kuma batun girman ƙyallen. Wanda aka saba kawowa da na'ura na dantsen da kaurinsa ke tsakanin santimita 22 zuwa 32 ne. Hajiya mai jiki tana buƙatar babba, in aka matse ta da ƙarami lambar za ta hau ba gaira ba dalili, a ɗora ta a kan maganin da ba ta buƙata. Na'ura mai allura da ake matsawa da hannu tana kaucewa idan ta faɗi ƙasa sau ɗaya, ana so a daidaita ta duk wata shida, kuma da wuya ka sami wanda ya taɓa yin haka. Duba rajista za ka ga lambobi duk suna ƙarewa da sifiri, 140/90, 150/100, 130/80, alamar kunne da ido ne ke kintace. Na'ura mai batir wadda aka tabbatar da ingancinta ta fi, amma sai an sa kuɗin batir a lissafi, in ba haka ba wata uku ta koma cikin durowa.

Wannan duk abu ne da ake iya gyarawa da horon kwana biyu, kujera mai majingina, da ƙyalle biyu. Magani ne babban aiki.

Abin farin ciki, ba a lalube a duhu. Binciken CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa a jikin baƙar fata haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi saukar da jini. Tsarin da aka yi amfani da shi a ƙananan asibitoci 60 na Abuja, da shirin da aka fara a Kano da Ogun a 2020, tsani ne mai sauƙi da ya shiga shafi ɗaya. A fara da amlodipine miligiram 5. Bayan wata ɗaya in jini bai sauka ƙasa da 140/90 ba a ƙara losartan 50. In bai sauka ba a ninka su, 10 da 100. In har yanzu bai sauka ba a ƙara hydrochlorothiazide 25. In ya gagara a tura wa likita. Ƙwaya uku ke nan gaba ɗaya. Amfanin wannan ba ga ma'aikaci kaɗai yake ba, mai sayen magani na jiha ma ya san abin da zai saya da yawa, maimakon kala goma sha biyar da kowane likita ya fi so.

Amma tsani mai sauƙi yana da ramuka, kuma a wurinmu mafi haɗari shi ne losartan. Yana cutar da ɗan tayi. A yankin da mace kan haihu sau shida ko bakwai, kuma takan kai wata huɗu kafin ta faɗi cewa tana da ciki, ba za a miƙa wa matar da ke cikin shekarun haihuwa wannan ƙwaya ba tare da an yi maganar tazarar haihuwa ba. Mai ciki methyldopa ko nifedipine ko labetalol ake ba ta, kuma idan jininta ya hau da furotin a fitsari, wannan maganar jijjiga ce, ba ta jira. Amlodipine kuma yana kumbura idon sawu, musamman a miligiram 10. In ba a gaya wa mutum tun farko ba, zai ɗauka ƙodarsa ce ta taɓu, ya watsar da maganin ya tafi wurin mai sassaƙe. Akwai kuma muguwar al'adar nan ta gaggawar saukar da jini: an ga 190/110 ga mutumin da ya shigo da ƙafarsa yana hira, sai a kwantar da shi, a ɗaura ruwa, a yi allurar Lasix, ko a fasa nifedipine a ƙarƙashin harshe. Faɗuwar jini farat ɗaya ita kanta tana iya jawo shanyewar da ake gudu. Wanda ba shi da wata alama ƙwaya ake ba shi, a ce ya dawo cikin kwanaki kaɗan. Wanda ke da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko hazo a ido, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, shi ne ake nema wa mota nan take.

Wa zai rubuta maganin? A mafi yawan waɗannan asibitoci babu likita, sau da yawa ma babu nas. Jami'an lafiyar al'umma ne, waɗanda aka fi sani da CHEW, ke riƙe da wurin. Wasu likitoci suna ganin ba su wannan iko kasada ce. Ina girmama damuwarsu, amma a aikace idan aka hana jami'in da ya yi karatun shekara uku, ba likita ne zai maye gurbinsa ba, yaron kemis ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2021, ta amince ma'aikatan da ba likitoci ba su ba da maganin hawan jini bisa sharaɗi huɗu: horo, izinin rubutawa, tsari a rubuce, da likitan da ke duba aikinsu. Sharaɗi na huɗu ne muke yawan tsallakewa. Ana tara ma'aikata a otal kwana uku, a ba su takardar shaida da kuɗin mota, shi ke nan. Abin da ke gyara aiki shi ne wani ya zo duk wata ya zauna ya zaro kati ashirin ya tambaya: wannan jininsa 160 wata uku a jere, me ya sa har yanzu yana matakin farko? Wannan jinkirin ƙara magani ya fi kowane kuskure yawa, kuma likitoci ma suna yin sa.

Yanzu a yi lissafi. A ɗauka asibitin mazaɓa ya yi wa mutum 500 rajista, wanda kaɗan ne cikin masu cutar a mazaɓa mai mutum dubu ashirin. Ƙwaya ɗaya kullum, wato amlodipine 15,000 a wata, ban da losartan na waɗanda suka hau mataki na biyu, kuma sukan kai rabi ko fiye. In ana son kada a taɓa cewa babu, sai a ajiye na wata uku a ƙasa, 45,000, a kuma aika odar sabo tun na wata biyu ya rage. In kowa zai zo duk wata, mutum 25 ke nan kowace ranar aiki a kan masu zazzaɓi da masu awo, ma'aikaci biyu ba za su iya ba. Mafita ita ce wanda jininsa ya daidaita a ba shi na wata uku lokaci guda. Layi ya ragu, shi ma ya huta da kuɗin acaɓa, wanda sau da yawa ya fi kuɗin ƙwayar kanta.

Yawancin jihohi suna dogara ne da asusun magani mai juyawa, tsarin da ya samo asali daga yarjejeniyar Bamako ta 1987: a ba asibiti jari, ya sayar da ɗan riba, ya sake saye. A takarda yana da kyau. Abin da ke karya shi abu uku ne. Bashi, domin incaji ba zai iya hana surukin dagaci ba. Cire kuɗin don sayen man janareta ko gyaran famfo, saboda babu wani kuɗin gudanarwa. Sai faɗuwar naira: a watan Mayu na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Asusun da ya sayar a tsohon farashi ya dawo kasuwa ya tarar kuɗinsa ba ya sayen rabin abin da ya sayar. A 2023 ne kuma kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai-tsaye a Najeriya, masu asma suka ga yadda kuɗin abin shaƙa ya yi tashin gwauron zabo. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun marar lafiya yake fitowa, mutumin da ba ya jin ciwon komai ba zai fifita ƙwaya a kan kwanon masara ba. Za ka ji yana cewa, “Ai na sha na wata ɗaya, likita, kan ya daina ciwo.” Ba jahilci ba ne zalla, lissafin gida ne. Saboda haka nake ganin ƙwayoyin hawan jinin nan uku, da metformin na ciwon suga, ya kamata a fitar da su daga asusun juyawa, jiha ta saye su da yawa kai-tsaye, a ba da su kyauta ga duk mai kati. A kasuwar duniya amlodipine na shekara guda 'yan daloli kaɗan ne. Wankin ƙoda na sati ɗaya ya fi shi tsada nesa ba kusa ba.

Wanda ya ce asibitocinmu ba za su iya riƙe cuta mai daɗewa ba, ya leƙa ɗakin masu karɓar maganin ƙanjamau. Kowa yana da kati da lamba. Akwai littafin alƙawari da ke nuna wa ake jira yau. Wanda bai zo ba ana buga masa waya, in ba a same shi ba a aika mutum. Ana ba da maganin wata uku zuwa shida. Duk wata uku ana iya faɗin mutum nawa ke kan magani da nawa suka ɓace. Haka masu tarin fuka. An iya, domin PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da ƙanjamau, da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro sun biya kuɗin katin da wayar da mai bibiya. Cututtukan da ba a ɗauka kuwa kusan kashi 2 cikin 100 na tallafin lafiya na duniya suke samu, kuma bayan Amurka ta dakatar da tallafinta a Janairun 2025, babu mai hankalin da zai zauna jiran baƙo ya biya wannan. Kayan aikin ma ba su da tsada: kati mai kauri ga kowane mutum, akwatin katako mai gida goma sha biyu na watanni, a sa katin a watan da zai dawo. Ƙarshen wata duk katin da ya rage a gidan, mai shi bai zo ba. Manhajar waya tana da kyau inda akwai caji da sabis, amma akwatin ba ya mutuwa.

Akwai rukuni ɗaya da ke hannunmu muke sakinsu. Wurin awon ciki ne kaɗai ake auna jinin mace a kai a kai. Wadda jininta ya hau da ciki tana cikin haɗarin hawan jini na dindindin daga baya, amma da an yi suna an gama wankan jego, babu mai sake ɗaura mata na'ura sai wani cikin. Alhali tana dawowa asibitin nan da ƙafarta, sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu, wata tara, tana kawo yaro rigakafi. Minti biyar ne a auna uwar. A nan ne kuma ya dace a yi maganar kunun kanwa da gishiri. Ƙa'ida ita ce ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma sodiyam ce. Gaya wa magidanci ya rage gishiri ba ya aiki, ba shi ke riƙe da ludayi ba.

Ciwon suga ya fi wuya, kuma ban ga amfanin ɓoye hakan ba. Na'urar gwaji tana da arha, kamfanoni ma kyauta suke rabawa, tsinken gwajin ne kasuwar. Kowace na'ura da irin tsinkenta, saboda haka za ka tarar da na'ura uku na gudummawa a durowa, babu tsinken ko ɗaya. Tsinken yana lalacewa da zafi da damshi, in an bar murfin kwalbar a buɗe a ɗakin kwano a watan Afrilu lambar da zai bayar ba abin dogaro ba ce. Ga ruɗanin ma'auni: wata na'urar tana nuna 7.0, wata 126, kuma abu ɗaya suke nufi, iyakar da ake cewa akwai suga idan mutum bai karya ba. Ana ninka ta farko sau 18 a sami ta biyu. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin wata uku, yana da tsada, kuma yana iya yaudara ga masu sikila da masu ƙarancin jini, waɗanda ba kaɗan ba ne a wurinmu.

Metformin ake farawa da shi, miligiram 500 tare da abinci, a riƙa ƙarawa sannu a hankali zuwa 2,000, domin in aka fara da yawa gudawa da tashin zuciya za su sa a daina. Ba a ba mai ƙodar da ta lalace sosai, wanda ke nufin ana buƙatar gwajin ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma wannan ba a yin sa a asibitin mazaɓa. Glibenclamide shi ya fi yawa a kemis don arha, shi ne kuma ya fi kayar da tsofaffi. Tsohuwa ta sha da safe, abinci bai samu ba sai la'asar, sai gumi da rawar jiki da sambatu, 'yan gida su ɗauka iska ce su fara hayaƙi. Abin da take buƙata cokalin shayi huɗu na sukari a ruwa ne in tana iya haɗiya. Gliclazide ya fi aminci ga wanda ya haura sittin. Kafin azumi ya kamata a zauna da kowane mai suga a sake tsara lokutan shan magani, a gaya masa cewa idan suga ya sauka ƙasa da 3.9, wato 70, ya karya azumin, addini ya yi masa rangwame. Wannan magana ta fi shiga in ta fito daga bakin limami.

Insulin kuma nasa daban. Akwai mai ƙarfin 40 da mai ƙarfin 100 a kowane mililita, kowanne da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi mai ƙarfin 100 da sirinjin 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta, kuma wannan yana kisa. Batun sanyi bai kai yadda ake tsoro ba. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi da Jami'ar Geneva, bisa yanayin zafin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ya nuna kwalbar da ake amfani da ita tana riƙe ƙarfinta sati huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan miya, tana wadatarwa a gida, a sa kwalbar a cikin roba mai murfi kada ruwa ya taɓa ta. Abin da ke kashe insulin nan take shi ne daskarewa da rana kai-tsaye. Duk da haka, fara insulin da kula da yara masu suga nau'in farko ba aikin asibitin mazaɓa ba ne. Ƙasashen Afirka sun amince a Lome a 2022 da tsarin PEN-Plus, wanda ya ɗora irin waɗannan, da sikila da ciwon zuciya mai tsanani, a kan asibitin gunduma mai ma'aikata na musamman. Abin da ƙaramin asibiti zai iya, kuma ba ya cin ko kwabo, shi ne ya ce wa mai suga ya cire takalmi. Faso, ƙaya da ta shige ba a ji ba, yankan mai yankan farce, nan ake fara rasa ƙafa.

Za a ce mata na mutuwa wurin haihuwa, yara na mutuwa da tamowa da ƙyanda, ma'aikaci ɗaya ne a wurin, ya za a ƙara masa kaya? Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ita ce dalilin da ya sa ba na goyon bayan a jibga wa asibitin mazaɓa hawan jini da suga da asma da farfaɗiya da taɓin hankali da gwajin kansa rana ɗaya, kamar yadda takardun manufa ke son yi. A fara da hawan jini shi kaɗai. Shi ya fi yawa, shi ya fi arhar magani, ba ya buƙatar tsinke ko firji. In kati da akwati da sarƙar magani suka zauna a kansa, suga zai hau kan hanyar da aka riga aka share. Kuma uban da ya shanye yana da shekara 48 ba shi kaɗai ya faɗi ba, gonar da kuɗin makarantar da abincin yaran nan masu tamowa sun faɗi tare da shi.

Kemis ma ba abokin gaba ba ne. Shi ke buɗe da dare, shi ke ba da bashi, kuma a can ake sayen diclofenac da ibuprofen kullum don ciwon jiki, masu ɗaga jini su ci ƙoda, da dexamethasone na masu neman ƙiba, mai tayar da suga. Ba shi na'ura mai inganci da takardar turawa ya fi a yi kamar ba ya nan.

Kuɗi akwai inda za a fara nema. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya na matakin farko, kuma kashi 20 na asusun na magani da kayan aiki ne, kodayake sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. Alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. A 2023 gwamnati ta ce za ta ƙara yawan cibiyoyin da ke cin gajiyar asusun daga wajen 8,800 zuwa 17,600. Madalla, amma gwamnoni sun fi son abin da ake yanka kintinkiri a kansa, kuma ba a yanka kintinkiri a kan kwalin amlodipine. 'Yan majalisar jiha da 'yan jarida da kwamitocin ci gaban mazaɓa su daina tambayar asibiti nawa aka gyara, su nemi hukumar lafiya matakin farko ta jiha ta riƙa fitar da lamba huɗu duk wata uku, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma: mutum nawa ke da kati, nawa ne awonsu na ƙarshe ya sauka ƙasa da 140/90, nawa ne ba a gani ba wata uku, da kwana nawa aka yi babu amlodipine a shago. Jihar da za ta fara, ta ɗauki mazaɓa biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma, kada ta ƙara ko ɗaya sai waɗannan sun yi wata shida lambar ƙarshe tana sifiri.